Ina masu kiɗa da hannu sunka shiga a Sakkwato?

Tambaya: "Salamu alaikum yaya. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗanfodiyo, daga Jos na zo, ina ɗan taɓa jita tun ina sakandare. Na shiga shekara ta biyu a garin nan amma ban taɓa ganin inda ake kiɗa kai tsaye ba, kowane biki ko DJ ne ko mawaƙi ya riƙe makirfo a sa waƙarsa yana motsa baki. Wai babu ƙungiyoyin makaɗa ne a Sakkwato ko ɓoye suke? In mutum yana son ya haɗa tasa ta ina zai fara?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da karatu, sannu da zafin garinmu kuma. In na fahimce ka abu uku kake nema, shin akwai sauran masu kiɗa da hannunsu a garin ga ko kowa ya koma ga na'ura, in akwai su mi ya sa baƙo ba ya ganinsu, sannan kai da jitarka ina za ka raɓa. Ni sana'ata haya da haɗa kayan sauti ce, sifika da mikisa da makirfo, ina kuma da ɗan situdiyo, kusan duk inda za a yi kiɗa ko waƙa gaban jama'a irinmu ake fara nema tun kahin mawaƙin ma ya san ranar, to da abin da nike gani daga bayan mikisa zan ba ka amsa.

Akwai su, da yawa ma. Abin da babu shi ne irin wanda ka saba a Jos, wuri guda da kowa ya sani, ga dandamali, a biya kuɗin ƙofa a zauna don sauraren kiɗa kawai ba don komi ba. A nan kiɗa ba ya tsayawa shi kaɗai, dole sai ya jingina da wani sha'ani, buki ko dambe ko naɗin sarauta ko maulidi ko siyasa ko coci, kuma wanda bai san ranakun waɗannan abubuwan da mutanensu ba yana iya gama digirinsa ya koma gida yana rantsuwa babu makaɗi ko ɗaya a Sakkwato.

Abin da ya sa garin yake haka

Ka san dai inda kake zaune. Nan cibiyar daular Shehu Usmanu ce, jihadi ya tashi 1804, Muhammadu Bello ya kafa birnin 1809, kuma malaman da sunka yi wanga aiki sun yi rubutu mai zafi kan kiɗan sharholiya da taron da maza da mata ke cakuɗuwa ana rawa. Amma su da kansu mawaƙa ne na gaske, Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗiyarsa Nana Asma'u sun bar waƙoƙi masu yawa cikin Larabci da Fulatanci da Hausa waɗanda anka riƙa rerawa ana karantar da jama'a da su. To tun daga can murya da baiti sunka samu daraja a garin ga, abin bugawa da abu mai tsirkiya kuwa ana kallonsu a kaikaice. Ni ba malami ba ne, hukuncin kiɗa ka kai shi gaban malamai, ni yadda mutanen gari ke ji a ransu nike gaya maka don da shi za ka yi hulɗa.

Ga kuma maganar gado. A wurinmu kiɗa sana'a ce ta gida kamar ƙira ko jima ko fawa, ɗan makaɗi shi ke kiɗa, kuma an haɗa ta da roƙo, to yaron da ya fito gidan malamai ko gidan sarauta ko gidan attajirai in anka gan shi rataye da kalangu magana ce babba, har wurin neman aure sai ta taso. Wanga shi ne ainihin dalilin ɓoyon da kake zato. Ba hukuma suke ɓoye ma ba galibi, babansu suke ɓoye ma da kawunsu da surukansu. Akwai yaran da ke zuwa situdiyona waɗanda hannunsu a fiyano ya kai ko'ina amma ba su yarda a sa fuskarsu a bidiyo, wani ma sunan da yake waƙa da shi ko ƙanensa na ciki ɗaya bai san shi ne ba. Shi ya sa ba zan jera maka sunayen ƙungiyoyi a nan ba, ba su so, kuma amana ce.

Duk da haka kada ka manta ƙasar ga ce, wato tsohuwar Sakkwato kahin a cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, ta fitar da mafi yawan manyan makaɗan fada da Hausa ke alfahari da su. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo tun bai zama Sarkin Musulmi ba, Musa Ɗanƙwairo Maradun, gidan Ɗandawo, ga Ɗan'anace a fagen dambe, ga Kassu Zurmi a wurin maza. In ka zauna ka saurari tsohon faifan ɗaya daga cikinsu da kunnen mai jita za ka ji ƙungiya ce cikakka, akwai jagora mai ɗauko baiti, akwai 'yan karɓi da wani lokaci su ke ƙarasa masa layin tun bai kai ƙarshe ba, akwai masu kotso ko taushi kowa da bugun da yake riƙe, ga sanƙira yana shigowa da kirari a daidai gaɓar da ta dace, ba mikisa ba sifika, kuma ba wanda ke taka wani. Har matsayi suke da shi a cikin ƙungiya, Ɗanƙwairo kansa Daudun kiɗi ne, wato mataimakin jagora, a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna kahin ya tsaya da kansa. Wallahi duk lokacin da na ji yaro ya ce babu al'adar ƙungiyar kiɗa a Sakkwato raina ɓaci yake, don abin da yake nema a waje an yi shi a nan an ƙware tun kakansa yana yaro.

Abu biyu ne sunka canza lamarin a idonmu. Na farko shari'a da anka ƙaddamar, Zamfara ta fara sannan Sakkwato ta bi a 2000. Wuraren da masu goge da kukuma ke samun na abinci kowane dare yawanci otal-otal ne da gidajen da ake sayar da giya, da waɗannan sunka rufe ko sunka koma cikin bariki sai masu gogen sunka watse, wasu sunka tsallaka Ƙonni cikin Nijar, wasu sunka ajiye sunka kama wata sana'a. Na biyun kuma, wanda a ganina ya fi yin ɓarna ga hannun makaɗa, fiyano ne. Da waƙoƙin fim ɗin Kano sunka cika gari, Yamaha guda ɗaya da yaro ɗaya ta riƙa yin aikin mutum bakwai ko takwas, ga ganga a ciki ga sarewa ga komi, daga baya kwamfuta ta zo ta sauƙaƙa abin fiye da haka har muryar da ba ta zauna ba a gyara ta. Mai buki kuwa lissafi yake, mota ɗaya da mutum biyu da filashi sun fi masa sauƙi bisa ga bas cike da makaɗa da zai ciyar ya sallama. Motsa bakin da ka gani daga nan ya samo asali, mawaƙin ba lalle ya kasa ba ne, an daina biyan kuɗin da zai sa ya zo da mutanensa.

Inda za ka same su

In kana son ka ji kiɗa mai rai a satin ga, nemi inda ake dambe da yamma bayan la'asar, kowane ɗan acaba ko mai keke napep ya san inda fagen yake a lokacin. Ka je da wuri ka zauna kusa da makaɗa ba kusa da fage ba. Nan ne kalangu bai mutu ba kuma ba zai mutu ba don dambe ba ya yiwuwa da filashi, dole makaɗi ya ga wanda ya shigo ya buga masa takensa a take, ya ga jikinsa ya yi sanyi ya zuga shi, ya ga an yi kisa ya juya kiɗan nan da nan, mawaƙin kuma yana ƙirƙira yana sako sunan garin ɗan damben da na ubangidansa da wanda ya taɓa kayarwa. Ka lura da yadda mai babban kalangu ke matse tsirkiya a hammata yana sa fatar tana magana, da yadda mai kuntuku ke riƙe masa ƙasa ba ya gocewa ko da wurin ya hargitse da ihu. Kalangu asalinsa na rundawa ne, mahauta ke nan, kuma dambe ma wasansu ne tun asali, shi ya sa za ka ga abin a jininsu yake. Ni a wurina waɗannan su ne makaɗan da sunka fi kowa gwaninta a garin ga a yau kuma su ne ba a sa su a rediyo sosai ba a kiransu dina, in akwai waɗanda anka bari a lungu to su ne.

Sai fada, ranar sallah da ranar naɗi, nan za ka ji tambura da kakaki da algaita da 'ya'ya da jikokin makaɗan da na ambata, wasu har yau da kotso suke yi. Wanga kallo ne da saurare, ba wurin da za ka shiga da jita ba ne.

Akwai majalisin sha'irai masu bege, musamman watan maulidi da bukukuwan 'yan ɗariƙa, da masu mandiri na Ƙadiriyya. Wasu da fiyano suke yi wasu da mandiri zalla, amma ko da fiyanon ne a gaban jama'a ake bugawa ana bin mawaƙi, in ya ja baiti a ja da shi in ya tsaya a tsaya, ba faifai ake sa masa ba. Yawancin yaran da sunka iya fiyano da kunne a garin ga a majalisi sunka goge, don dare guda za ka bi sha'iri goma kowa da muryarsa da saurinsa. In kana neman mai fiyano ga inda za ka duba, sai dai ka san da yawansu ba za su yarda su buga waƙar soyayya a fili ba.

Ɓangaren mata kuwa, kiɗan ƙwarya da amada da shantu a cikin gida ranar wuni ko kamu, yana nan da ransa, sai dai ni iyakata in kai sifika in ja waya in fito, abin da ke gudana ciki mata sunka fi ni sani, kuma kai ma ba ƙofarka ba ce.

Masu jita da jita mai kauri da gangunan jaz, irin kayan da ka saba da su, kusan duk a coci suke da cikin bariki. Kowace babbar coci a garin ga tana da 'yan kiɗanta masu yin gwaji kowane sati, su ne ma kaɗai ke da wurin gwaji tsayayye da kayan da ba haya ba, kuma su ake ɗauka in 'yan kudu mazauna gari na buki. Ga 'yan badujala na soja da na 'yan sanda masu bin kiɗa a rubuce, ga masu hidimar ƙasa da ke sauka sansanin Wamakko duk zango akwai wanda ya iya wani abu a cikinsu sai dai shekara guda ce ya tahi. Abin da ke damuna shi ne waɗannan da masu kalangun fagen dambe gari ɗaya suke, wata ƙila unguwa ɗaya, amma ba su taɓa zama sun buga tare ba, kowa na ganin ɗayan ba layinsa ba ne.

Sannan mutanen Nijar. Daga nan zuwa Illela ka tsallaka Ƙonni ba wata tahiya ba ce, kuma can jita ba abin kunya ba ce, Buzaye sun mayar da ita tasu, a bukinsu za a shimfiɗa tabarma a kunna ɗan janareta a yi ta bugawa ana tafi. Mdou Moctar, Buzun jihar Tawa da yanzu ke yawon wasa Amurka da Turai, kundinsa na farko a nan Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran murya na situdiyon Hausa, waƙoƙin sunka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori har sunka kai kunnen mutanen waje. Mutane ƙalilan ne a garin ga sunka san da wanga labari. Har yau in Buzaye ko Zabarmawa mazauna nan na sha'ani wani lokaci sukan ɗauko masu jita daga can, kuma in ka samu an gayyace ka irin wanga wuri kada ka bari ya wuce ka, abin da za ka koya a zama ɗaya ya fi na wata shida a YouTube don su sun riga sun gano yadda jita ke tahiya da tafi da ƙwarya da muryar yankin ga.

Yaran hip hop da masu waƙar soyayya na ƙananan situdiyo a Mabera da Arkilla da sauran unguwanni su ma suna nan birjik, suna sawa a Audiomack da TikTok, amma su mawaƙa ne ɗai-ɗai da mai haɗa musu kiɗa a kwamfuta, ba ƙungiya ba.

Mi ya hana su fitowa fili

Kuɗi ne kan gaba. Makaɗin Hausa ba da kuɗin ƙofa yake rayuwa ba, da liƙi yake rayuwa da kyautar ubangida, to duk abin da ya taɓa takardar kuɗi a hannun mutane ya taɓa shi. Ƙarancin kuɗi na farkon 2023 lokacin canjin naira ya nuna muna haka ƙarara, bukukuwa anka yi ta yi ba mai abin liƙawa, kuma taransifa ba ta maye gurbinsa don liƙi a idon jama'a ake yinsa, wanda zai liƙa dubu ashirin a fili ba zai tura maka biyar a ɓoye ba. Dokar babban banki ta 2007 ta riga ta hana liƙin, da EFCC ta matsa da kama mutane a kai a 2024 manyan masu kuɗi sunka ƙara ja baya in sun ga kyamara. Cire tallafin mai a watan Mayu 2023 ya ninka kuɗin janareta da na mota. Iyakar Nijar ta rufe bayan juyin mulkin Yuli 2023 sai Maris 2024 anka buɗe. Ga kuma babban abin baƙin ciki, rashin tsaro a gabas, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ƙasar da ta ba mu Narambaɗa, inda da bayan kaka makaɗa ke yin wata da watanni suna bin ƙauyuka ana kalankuwa da bukukuwa su dawo da hatsi da dabbobi, yanzu wa zai kwana a dandali yana kiɗa? Da yawa daga makaɗan can sun dawo birni suna acaba ko dako, hannun yana nan wurin nuna shi ne babu.

Wuri ma matsala ne. Zaurukan taro na haya an gina su don dina da taron siyasa, kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne, kuma mai zauren yana tsoron abin da zai jawo masa magana da unguwa ko Hisba, in ka ce masa wasan kiɗa za ka yi a sayar da tikiti sai ya fara tambayar maza da mata za su zauna tare, ƙarfe nawa za a tashi, wa zai tsaya in an yi rigima.

Ta ina za ka fara

Hanya uku nike gani kuma ba daidai suke ba. Kana iya raɓar 'yan coci ko bariki, nan za ka samu kaya da mutanen da sunka san abin da ka sani, hannunka ba zai mutu ba, amma kiɗan da za ku yi ba zai shiga cikin gari ba, zai tsaya inda yake. Kana iya bin situdiyo ana kiranka ka sa jita a waƙar wani a ba ka na mai, wanga ba laifi kuma zai sa a san ka, sai dai ba shi kake tambaya ba. Ta ukun ita ce wadda nike so ka bi ko da ta fi wuya, ka haɗa ƙaramar ƙungiya wadda ƙashin bayanta kayan gida ne jita ta shigo a matsayin baƙuwa, mai kalangu ɗaya, mai ƙwarya ko kuntuku ɗaya, mawaƙi mai Hausa a baki da mutum biyu masu karɓi, sai kai. Mutum shida, keke napep biyu sun kwashe ku, ko wuta babu kuna iya gwaji da ƙaramar sifika mai caji.

Mai kalangun shi ne aikin. Ka je fagen dambe ba sau ɗaya ba, ka gaida babbansu da ladabi ka kira shi baba, ka yi masa ɗan alheri kamar yadda kowa ke yi, kada ka fara da maganar ƙungiya, ka ce kana son ka koyi saurare ne. Su mutane ne da anka daɗe ana rainawa ana kuma cin moriyarsu, ɗan jami'a da ya zo da takarda da alƙawarin za a kai su duniya sun ga irinsa. In sun yarda da kai shi baban da kansa zai haɗa ka da wani yaronsa mai son sabon abu, kuma ka biya yaron kuɗin zamansa ko gwaji ne kawai, don lokacin da ya ba ka na neman abincinsa ne.

In kun zauna, kai za ka bi shi ba shi zai bi ka ba. Abin da na sha gani ga masu jitar da sunka zo daga Jos ko Kaduna shi ne su kama tsirkiya shida su yi ta sharɓawa suna canza kamu kamar yadda ake yi a coci, sai ka ji waƙar Hausar ta shaƙe ta rasa inda za ta bi. Waƙarmu galibi a kan sauti biyar take yawo kuma ba ta son a riƙa sauya mata ƙasa kowane layi, ka riƙe gida ɗaya ka riƙa tsinkar tsirkiya ɗai-ɗai kana amsa ma mawaƙi in ya numfasa, yadda mai gurmi ko garaya ko molo ke yi. Bugun ma ka kula, da yawa daga kiɗanmu uku-uku yake tahiya a kan biyu, in ka ƙirga shi huɗu-huɗu za ka ji kullum kamar mai kalangu na rigan ka alhali kai ne ba ka hau ba, ka ajiye jitar ka yi ta tafi da shi har ƙafarka ta gane. Kuma ka daidaita jitarka da muryar mawaƙi, in akwai goge ka daidaita da gogen, kada ka ce su zo inda na'urar wayarka ta ce. Waƙar da za ku tsara kuma a bar wanda Hausa ta zauna ma a baki ya ɗora karin, don in kari ya hau inda kalma ke sauka kunnen Basakkwace ba ya yafewa, zai ce waƙar ba ta yi ba ko da bai iya gaya maka dalili.

Ta ɓangaren aikina, kalangu wahalar kamawa gare shi a makirfo don makaɗin ba ya tsayuwa wuri ɗaya, ni ƙaramin makirfo nike maƙala ma maratayinsa in bar shi ya yi yawonsa. Ƙwarya a kife ta kan bargo ko matashi a sa makirfo kusa da ƙasa. Ku roƙi mai mikisa ya rage eko, mutanenmu na son shi da yawa amma yana cinye maganar kalangu. Ku nemi sifika ɗaya da ke kallonku ku ba jama'a ba, rashinta ke sa 'yan karɓi su goce. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya kuma kada a jona komi ba tare da sitabilaiza ba. Yanayin garin ma ka yi lissafi da shi, watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, amfilifaya na ɗaukar zafi ta yanke a tsakiyar wasa in ba fanka a kanta, da hunturu ƙura na shiga mikisa kuma bushewar iska na iya lanƙwasa wuyan jita ko ta tsaga ta, ka riƙa sassauta tsirkiya kana ajiye ta cikin jakarta nesa da taga. Fatar kalangu ita ma da damina saki take da hunturu ta ɗaure, wanga kam masu shi sun fi ni sani, kuma fata ba ta yi musu wuya a garin jar akuya da majema.

Maganar rabon kuɗi ku gama ta tun ba a samu ko sisi ba. A tsarin gargajiya jagora ke karɓa ya raba yadda ya ga dama, babbar kyauta kamar riga ko babur tasa ce, kuma yaransa sun yarda don shi ke ɗauke da aurensu da sunansu da asibitinsu. Kai ba za ka iya ɗauke ma kowa wannan ba, to ku yi kaso a fili, a cire na mota da na haya, saura a raba yadda kunka amince, a rubuta ko a waya ne. Ƙungiyoyin samarin da na ga sun watse a gabana kusan duk a daren da anka fara samun liƙi mai kauri ne. In lokacin zaɓe ya zo za a neme ku da waƙar ɗan takara, kuɗin na da daɗi amma daga ranar kun zama na jam'iyya, rabin masu bukin gari sun daina kiranku, ku yi shawara tun yanzu ko za ku yi ko ba za ku yi ba.

Wurin fara nunawa kuwa kai ka ma fi 'yan gari sa'a don kana cikin jami'a. Ranar al'adu ta ƙungiyoyin ɗalibai, taron ƙungiyar Hausa, bukin yaye 'yan ajin ƙarshe, duk sha'ani ne da kiɗa ke iya jingina da shi ba wanda zai ce don mi, kuma malaman sashen harsunan Nijeriya da na cibiyar nazarin Hausa aikinsu ke nan nazarin waƙar baka, in ka je musu da mai kalangu na gaske za su saurare ka. Ka nemi izinin hukumar makaranta a rubuce. In a cikin gari ne, ko gwaji za ku riƙa yi a wani gida, a fara gaida mai unguwa a gaya masa, in an kira sallah a tsaya cak a je a yi, kada a kai dare sosai, watan azumi a ajiye kayan gaba ɗaya, kuma baitinku ya zama wanda za ka iya rerawa gaban mahaifiyar abokinka. Wasan farko kada ku sa kuɗin ƙofa, ku nemi bukin wani na kusa ku ce a ba ku minti ashirin kahin DJ ya hau, a ɗauka da waya mai kyau amma sautin a jawo shi daga mikisa, a yanka gajeru a sa TikTok, cikakken kuma a kai ma masu tura waƙa a memori a kasuwa don har yanzu ta hannunsu waƙa ke isa ƙauye da tasha.

In ka samu mai kalangun da ya yarda ya zauna da kai, ku ɗauki ko minti biyar ne na abin da kunka haɗa ka turo min in saurara, daga nan zan gaya maka ko ku ƙara mai ƙwarya ko ku bar shi haka, da irin makirfon da ya kamata ku fara saye.